Farza

"Ki je ki cire wannan rigar," in ji Madam Izis, ba tare da ta ɗago kai daga tukunya ba. "Yau Kirsimeti, kin shirya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa."

Dimyana ta dubi rigarta. Ruwan toka ce mai dogon hannu, wadda take zuwa aiki da ita.

"Sanyi ake yi, Mama."

"A jikinki kaɗai sanyin ya sauka? Ga koriyar can na goge miki tun jiya."

Bakwai ga watan Janairu ke nan. Kwana arba'in da uku mu Kibɗawa, Kiristocin Masar, muka yi ba nama, ba ƙwai, ba madara, wake da safe wake da yamma, har mutum ya fara mafarkin cinyar kaza. Jiya aka sauke azumin a coci, yau kuma duk benen ya gume da ƙamshin tafarnuwa da romon nama. Kowane gida a Ismailiya murna yake, ban da hawa na huɗu, gidan Ustaz Wadi, mahaifin Dimyana, tsohon malamin lissafi.

A saman firji akwai kwalbar jan sharbat, an jera kofuna goma sha biyu masu bakin zinariya a gefenta. Dimyana ta san aikinsu. A wurinmu idan masu neman aure suka zo aka fito da jan sharbat a faranti, magana ta ƙare, an ba su ke nan.

"Mama, na faɗa miki ba na son Daktor Ramzi."

"Ba ki faɗa min laifinsa ba."

"Ba shi da laifi. Ba na son sa ne kawai."

Madam Izis ta ajiye ludayi ta juyo, idanunta sun kawo ruwa. Ita kukanta a kusa yake, kamar famfon da ya kwance.

"Shekararki talatin da ɗaya, Dimyana. Kin san abin da nake ji a harabar coci? Mata su riƙe min hannu su ce Ubangiji ya duba miki 'yarki, sai ka ce ciwo gare ki. Shekara shida ina haɗiyar wannan, tun ranar da wancan mara kunyar ya tafi Ostireliya ya aiko ƙanwarsa ta dawo mana da zobe. Yanzu Allah ya kawo mai kantin magani a Kanada, ɗan gidan mutunci, ki ce ke sai manomi? Manomin da ƙafarsa ba ta san safa ba?"

"Abanub sunansa."

"Na san sunansa. Kuma kin san aurenmu ba ya mutuwa. In kika shiga ƙauyen nan, a can za ki tsufa kina kwashe kashin ɓaunar da suke kiwo."

"Shi ya sa nake dubawa da kyau, Mama. Tunda ba fita."

Dimyana ba ta yi kuka ba. Ita dama haka take, kanta a sama, har wasu ke cewa girman kai ne. Ni dai ban taɓa ganin laifinta ba. Yarinyar da ta karanci aikin gona, ta zama shugabar masu tantance farawla a gidan da ake ɗure ta a kwali zuwa Turai, ba za ka ce ta riƙa tafiya tana kallon ƙasa ba. Farawla kuwa, jan ɗan itacen nan da Turawa ke kira sitiroberi, ita ce arzikin garinmu duk lokacin sanyi.

A can wurin aikin ta haɗu da Abanub shekara biyu da suka wuce, ranar da ta mayar masa da akwati arba'in ta ce ba za su hau jirgi ba. Bai yi faɗa ba. Guda ɗaya ya ɗauko ya miƙa mata ya ce ta ɗanɗana abin da ta kora. Daga ranar aka fara.

Sati uku da suka wuce ya zo da kawunsa wurin Ustaz Wadi neman aurenta. Washegari wata dattijuwa da ake kira Tant Awatif ta zo nema wa ɗanta Ramzi. Ustaz Wadi ya ba su amsa iri ɗaya, ya ce ranar idi bayan abinci zai yi magana. Amma gida ɗaya aka gayyata cin abincin, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Wayar Dimyana ta yi ƙara. Ta duba.

"Yana ƙasa, Mama. Ya kawo gaisuwar idi."

Tun da ɓarayi suka kwance injin ruwan benen, ƙofar ƙasa a kulle take kullum. In baƙo ya zo, sai a sa mabuɗi a kwandon nan da ake zurawa da igiya daga baranda, ya buɗe ya hawo.

"Ba mai zura masa mabuɗi," in ji Madam Izis. "In kina da ƙafa, ki sauka."

Ta sauka.

*

Yana tsaye a bakin ƙofa da sabuwar jallabiya mai ruwan ƙasa, ya naɗe wuya da mayafin ulu. A ƙafarsa akwai safa, baƙa, sabuwa fil, da alama ta dame shi. Dimyana ta gani, ta kau da kai don kada dariya ta kufce mata.

"Barka da idi, Bashmuhandisa."

Haka yake kiranta har yau, da sunan girman da ake kiran injiniya, kamar ranar da ta kori kayansa.

"Allah ya maimaita mana. Mene ne wannan?"

"Kin fi ni sani."

Akwati ne da aka saƙa da reshen dabino, an lulluɓe da ganye. Ta ɗaga ganyen. Ƙamshin ya bugi fuskarta tun kafin ta gani. Farawla ce ja wur har wuya, babu farin kafaɗa ko kaɗan, wata ƙarama, wata ta karkace, wata biyu ne suka manne wuri ɗaya.

"Farza," ta ce a hankali.

Farza ita ce abin da ya rage bayan an zaɓi na jirgi. Ita ake turawa kasuwar gari a kan amalanke.

"Da asuba na tsinko da hannuna. Ba za ta kai gobe ba, ku ci yau." Ya miƙo wani kwanon ƙasa da aka ɗaure bakinsa da farin ƙyalle. "Wannan kuma daga Umma. Kishta ce, ta ɓaunarmu. Kwana arba'in da uku tana sayar wa Musulmin ƙauye ba ta lasa ba. Ta yau ta ce ba ta sayarwa."

Dimyana ta karɓa. Kwanon da sanyi, da nauyi, irin nauyin saman madarar da aka dafa aka bar ta ta kwana ta yi kauri.

"Abanub, ba a gayyace ka ba. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Na sani."

"Su Daktor suna zuwa ƙarfe ɗaya."

"Wannan ma na sani. Duk Ismailiya ta sani, Tant Awatif ba ta iya ajiye magana." Ya gyara mayafinsa. "Ban zo roƙo ba, Dimyana. Mahaifina bai taɓa roƙon kowa ba, ni ma ba zan fara a kanki ba, ko da yake ke kaɗai ce za ki iya sa ni. Kadada ɗaya da rabi gare ni da ɓauna biyu da ɗaki uku da na gina da hannuna. Ba ni da Kanada. In Ustaz ya ga Kanada ta fi miki, uba ne, ba zan ce ya yi kuskure ba."

"To ni fa? Ba ka tambayi abin da na gani ba."

"Ke na san abin da kika gani. Amma ba zan ɗauke ki ta bayan mahaifinki ba, ke ma ba za ki yarda ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji zafin maganar. Hawayen da ta hana uwarta gani suka zubo a gaban manomi, a bakin titi, ranar idi. Ta sa bayan hannu ta share da sauri.

"Ina za ka yanzu?"

Ya nuna mai shayin da ke tsallaken titi, daidai ƙarƙashin barandarsu.

"Can zan zauna har la'asar. In na ji guɗa, zan biya kuɗin shayina in tafi, ba za ki ƙara ganina a wurin aiki ba, ƙanina zai riƙa kawo kaya. Kwanon Umma dai a zuro min a kwando, tana son abinta."

Ya juya ya tsallaka titi, bai waiwayo ba. Ita kuma ta ɗauki akwati a hannu ɗaya, kwano a ɗaya, ta hau bene hawa huɗu tana jin haushinsa da sonsa a lokaci guda.

*

Ƙarfe ɗaya da kwata mota ta tsaya a ƙasa. Madam Izis da kanta ta ruga baranda ta zura mabuɗi tana washe baki. Dimyana ta san wanda ke zaune a tsallake yana kallon kwandon nan yana sauka, ta ji kamar ta nutse.

Koriyar rigar ta sa. Ba don uwarta ba, don kada a ce ta ji tsoro.

Daktor Ramzi dogo ne, mai tabarau, mai ladabi. Ya gaida Ustaz Wadi da hannu biyu, ya yaba fatta, shinkafa da gurasa da romon naman da muke ci ranar idi, ya ƙara har sau biyu. Matsalarsa ɗaya, duk abin da aka ambata, akwai irinsa a Kanada wanda ya fi girma. Titi ya fi faɗi, madara ta fi fari, har sanyin ma ya fi sanyi.

Ustaz Wadi yana kan kujerarsa ta kan tebur, yana ci a hankali, bai cika magana ba. Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ya saba barin yaro ya gama kuskurensa a allo kafin ya ce uffan.

Tant Awatif kuwa ba ta bar wa kowa fili ba. Mace ce mai jiki da awarwaron zinariya har gwiwar hannu, in tana magana suna taya ta. Bayan abinci ta tashi wanke hannu, ta leƙa kicin kamar yadda uwar miji ke yi, ta dawo tana dariya.

"Izis, wa ya kawo muku wannan akwatin? Ranar idi guda a kawo muku farza?"

Fuskar Madam Izis ta yi ja.

"Wani ne daga cikin manoman wurin aikin Dimyana."

"Ai su ba su san ta ido ba. Mai kyan su sayar wa Turawa, ragowar su kawo maka da sunan kyauta."

"A wajenmu kowace kamar ƙwan agwagwa take," in ji Ramzi. "Kuma duk shekara akwai ta a kanti."

"To ka ji." Tant Awatif ta zauna, ta dafa hannun Madam Izis, ta rage murya irin ragewar da kowa ke ji. "Amma fa ni ban raina farza ba. Haka na faɗa wa Ramzi. Na ce ɗana, yarinyar ta ɗan kwana biyu, an taɓa zaɓa an mayar, amma cikinta lafiya lau. Mu ba ma duba wannan. Taimako ne, kuma lada ne."



Ramzi ya ce, "Mama," a hankali, ya sunkuyar da kai. Madam Izis ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Cokalin Ustaz Wadi ya tsaya a hannunsa, amma bai ce komai ba.

Dimyana ta ji maganar ta shiga ta har ƙashi. Ba yau aka fara tausaya mata ba, amma yau aka kira ta da sunan abin da take turawa gefe da hannunta kullum. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shirun mahaifinta.

Madam Izis ta yi gyaran murya.

"Dimyana, tashi ki haɗo mana abin sha. Yana saman firji."

Kowa ya gane. Tant Awatif ta gyara zama, awarwaronta suka yi ƙara.

"To, Mama," in ji Dimyana.

Ta shiga kicin ta tura ƙofa.

*

Ta sauko da kofuna masu bakin zinariya. Ta sauko da kwalbar sharbat, ta riƙe ta ɗan lokaci, sannan ta mayar da ita inda take.

Minti goma take da shi, kafin uwarta ta leƙo.

Ta juye farawla a matsami, ta watsa mata ruwan sanyi sau ɗaya da hulunanta a kai. Wanda bai sani ba shi ke cire koren kan kafin ya wanke, ruwa ya shige ciki ya kashe zaƙin. Ta shanya su a kan tsabtataccen ƙyalle, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cire hular da babban yatsa. Hannunta ya san aikin, ba ya jiran umarninta. Manyan ta raba biyu, ƙananan ta bar su yadda Allah ya yi su.

Ta buɗe gwangwanin kahk, ƙosasshen biskit ɗin idi da suka toya shekaranjiya, ta marmashe ɗaya a gindin kowane kofi. Ta zuba farawla a kai, ta matsa ɗigon lemon zaƙi. Hannunta ya kai kan gwangwanin sukari, ta janye.

Sai ta kwance ƙyallen kwanon ƙasa.

Kishtar ta yi kauri har cokali na tsayawa a ciki, fara sol, samanta ya ɗan yi yaushi. Ta yanko ta ɗora a kan jan, ta ƙara farawla, ta ƙara kishta. Ruwan farawlar ya fara gangarowa ta jikin gilashi yana rina farin.

Ta lashi bayan cokalin. Rabonta da madara kwana arba'in da uku, ko jiya da aka sauke azumi ba ta iya cin komai ba. Ta rufe ido. Ta tuna tsohuwar da ta tashi cikin sanyin asuba ta kwashe wannan ta ce ba na sayarwa ba ne. Nan kukan ya zo mata sosai, ta dafe bakin tebur ta yi shi ba sauti.

Da ya wuce, ta wanke fuska, ta gyara gashinta a jikin murfin tukunya, ta ɗauki faranti.

*

Daga bakin ƙofa jan kawai ake hangowa a cikin kofuna. Madam Izis ta miƙe, ta kai hannu baki za ta rangaɗa guɗa.

"Kada ki yi, Mama," in ji Dimyana da sauri.

Guɗar ta maƙale. Da ta fita, da mutumin da ke tsallaken titi ya biya kuɗin shayinsa.

Ta fara ajiye wa mahaifinta, sannan Tant Awatif, sannan Ramzi, sannan uwarta. Kowane kofi da ƙaramin cokali.

"Mene ne wannan?" in ji Tant Awatif. "Ina sharbat?"

"Farza ce, Tant. Ki ɗanɗana."

"To a ba ni sukari."

"Ba ta buƙata."

Ramzi ne ya fara kai cokali baki, wataƙila don ya samu inda zai ɓoye fuskarsa. Ya tauna, ya tsaya, ya sake ɗiba.

"Me kika sa a ciki?"

"Ba komai, Daktor. Haka take."

"Tamu ta can ba ta da wannan ƙamshin."

"Ba za ta yi ba. Ni nake zaɓar irin wadda ake aika muku." Dimyana ta rungume farantin a ƙirji, ba ta sauke kai ba. "Tant, kin ce ragowa ce. Bari in faɗa miki aikina, tunda shekara takwas ina yinsa. Wadda za ta hau jirgi tun ba ta nuna ba ake tsinke ta, kafaɗarta fara, jikinta tauri, don ta jure hanya. Girmanta muke aunawa da siffarta, ba mai tambayar ɗanɗanonta. Wannan kuwa an bar ta a jikin uwarta har ta nuna. Shi ya sa nake mayar da ita. Ba lalacewa ta yi ba, tafiya ce ba za ta iya ba."

"Dimyana, ya isa," in ji Madam Izis tana share ido.

"Bai isa ba, Mama. Shekara shida kina ba mutane haƙuri a kaina, kamar na yi wani laifi. Na gaji da ganinki kina sunkuyar da kai saboda ni. Ni ban sunkuyar ba, ke me ya sa?" Ta juya ga Ramzi. "Daktor, ka yafe min. Kai mutumin kirki ne, ka cancanci matar da za ta yi murna da kai. Ni in na bi ka, taimako za a ce an yi min, kuma har in mutu ina godiya. Ban iya irin wannan godiyar ba."

Tant Awatif ta ture kofinta.

"Ustaz Wadi, a gabanka 'yarka take mana wannan? Mu da muka rufe ido muka zo?"

Ustaz Wadi ya sake kai cokali cikin kofinsa. Ci yake yi. A hankali yake ɗiba, yana haɗa farawla da kishta da ɗan kahk a kowane cokali, har ya kai gindin kofin ya kankare. Sai ya ajiye cokali, ya cire tabarau ya goge.

"Wa ya kawo?"

"Abanub, Baba."

"Kishtar fa?"

"Mahaifiyarsa."

Ya gyaɗa kai.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, 'yata, ki amsa min kamar muna mu biyu. Wannan yaron, kin zaɓe shi ne, ko kuwa shi kika samu lokacin da babu kowa? Abin da ya hana ni barci ke nan sati uku. Ba gonarsa ce ta dame ni ba, kakana ma da fartanya ya mutu. Tsorona kada ki ɗauki kanki da araha saboda abin da wancan ya yi miki."

Dimyana ta ajiye farantin, ta durƙusa a gefen kujerarsa kamar lokacin da take kawo masa littafin lissafi. Hawaye na zuba, ba ta ɓoye su ba.

"Baba, daga safe zuwa yamma ba abin da nake yi sai zaɓe. Manoma ɗari suna wucewa ta gabana, akwai mai sa manya a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Shekara biyu ina juye akwatin Abanub, ƙasansa da samansa ɗaya ne. Yau ga Daktor a zaune, ga Kanada a buɗe, ba za a ce babu kowa ba. Kuma shi na zaɓa. Amma ya ce ba zai ɗauke ni ta bayanka ba, ni ma ba zan bi shi ta bayanka ba. In ka ce a'a, zan zauna a gidan nan in ci gaba da aikina. Sharbat ɗin nan dai ba da hannuna za a kawo shi ba."

Ustaz Wadi ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta.

Sannan ya mayar da tabarau, ya fuskanci baƙinsa.

"Madam Awatif, kun girmama mu da zuwanku, gidan nan naku ne ko yaushe. Ɗazu kin yi wata magana na yi shiru. Ba yarda na yi ba, jira nake in ga ko 'yata ta san amsar." Ya ɗan yi murmushi, irin wanda ɗalibansa suka daɗe suna nema ba su samu ba. "Ta sani. Ku yi haƙuri, tamu ba ta tafiya."

Tant Awatif ta miƙe tana neman jakarta, awarwaro na ta surutu. Ramzi bai tashi nan take ba. Sai da ya ƙarasa abin da ke kofinsa, sannan ya miƙe ya ba Ustaz hannu.

"Allah ya sanya alheri, Kawu. Mama, mu je."

Bayan an rufe ƙofa, Madam Izis ta zube a kujera tana kuka haiƙan.

"Ka kashe ni, Wadi. Me zan ce wa mutane ranar Lahadi?"

"Ki ce musu ki zo ki ci abin da na ci. Ga naki nan ba ki taɓa ba."

"Ba zan ci ba. A wanke masa kwanonsa a zura masa ya tafi."

"Kwano ba ya komawa ba komai a cikinsa, Izis, ke kika koya min."

Ya tashi yana dafa gwiwa, ya nufi baranda. Dimyana ta bi shi. Rana ta karkata, iska mai sanyi na tasowa daga wajen tafkin garin. A tsallake, Abanub yana zaune da kofin shayi na huɗu a gabansa, ya ga motar Daktor ta tashi amma bai motsa ba. Da ya hango tsohon a baranda, ya miƙe tsaye, ya gyara mayafi.

Ustaz Wadi ya jawo kwando. Dimyana ta ce, "Bari in ɗauko kwanon, Baba."

"Bar shi. Ya hawo ya ɗauka da kansa."

Ya zaro mabuɗin daga ƙusar da yake rataye, ya jefa a kwandon, ya fara sakin igiya. Maƙwabta na barandunsu suna shan iskar yamma, mai shayi ya fito da tsumma a kafaɗa, duk suka bi kwandon da ido yana sauka hawa huɗu.

Abanub ya tsallako titi. Ya leƙa cikin kwandon, ya daɗe bai ɗago ba.

Dimyana ta koma ciki. Uwarta na zaune ta juya wa ƙofa baya, tana jan hanci, amma cokali na hannunta, kofin kuma ya ragu da rabi. A ƙasa aka ji mabuɗi ya juya, sannan takun mutum a matakala, ba sauri, ba nawa.

Ta je ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta tsaya a bakinta da koriyar rigarta, jan farawla bai gama fita daga yatsunta ba.